An bar jaki ana dukan taiki: labarin shirin « Heroes »



A daren Asabar da ta gabata muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai hira ta faɗa kan fina-finan da muka kalla muna ƴan lise. Wani abokina mai sayar da kayan gyaran babura ya tuno mana da « Heroes », wasan kwaikwayon nan na Amurka da ake nunawa kashi-kashi, irin wanda masu jin Faransanci ke kira « feuilleton », wanda muka riƙa aron faifansa hannu da hannu har ya ƙoƙe. Ya ce shi har gobe abu guda ke ɗaure masa kai: yaya aka yi shirin da ya hana mu barci a zangonsa na farko ya koma abin da mutum ke kallo yana hamma a zango na uku, alhali kuwa ƴan wasan ba a sake su ba? Wani malamin makaranta da ke wurin ya ce ai marubutan aka kora ana tsakiyar aiki, shi ya jawo. Na ce masa lalle an yi korar, amma in aka duba kwanakin wata za a ga maganar ta fi haka tsawo. Gardama ta yi zafi har shayi ya huce, na kuwa yi musu alkawarin zan kawo bayanin a wannan fili, ga shi kuma na cika.

Ga wanda bai taɓa ganin shirin ba, ga tushensa a taƙaice. Wani marubuci mai suna Tim Kring ne ya ƙirƙiro shi, gidan telebijin na NBC ya fara nuna shi ran 25 ga watan Satumba na shekarar 2006. Labari ne na mutane irina irinka da suka wayi gari da wata baiwa wadda ta fi ƙarfin ɗan Adam. Akwai Hiro Nakamura, ƙaramin ma'aikacin biro a birnin Tokiyo, mai iya tsayar da lokaci. Akwai Claire Bennet, ƴar makaranta a jihar Tekzas, wadda duk raunin da ta ji yake warkewa nan take. Akwai Nathan Petrelli, ɗan takarar majalisa mai tashi sama, da ƙanensa Peter, ma'aikacin jinya mai kwasar baiwar duk wanda ya kusanta. Sai kuma mugun labarin, Sylar, mai gyaran agogo wanda ke kashe masu baiwa don ya gaje abin da suke da shi. A zango na farko, mai kashi 23, dukansu hanya guda suka nufa, wato hana fashewar da za ta rushe birnin New York. Mutum fiye da miliyan 14 suka kalli kashin farko a Amurka, kuma a shekarar 2007 shirin ya shiga jerin waɗanda aka tsayar takarar lambar Emmy ta wasan kwaikwayo mafi kyau. A wannan shekara ce kuma gidan TF1 na Faransa ya fara nuna shi da Faransanci.

Yadda ake dafa irin wannan tuwo

Kafin mu zo kan korar, ya kamata mai karatu ya san yadda ake aikin, domin a nan amsar take. A manyan gidajen telebijin na Amurka zango yakan fara a watan Satumba ya ƙare wajen watan Mayu, da kashi 22 ko abin da ya ɗara haka kaɗan. Ba a gama haɗa su duka kafin a fara nunawa. A kowane sati aiki uku ke tafiya lokaci guda: marubuta na cikin zaurensu suna tsara kashin da za a nuna bayan wata biyu ko uku, ƴan wasa na gaban kamara suna ɗaukar wanda aka rubuta a watan jiya, masu tacewa kuma suna haɗa hoto da murya da dabarun kwamfuta na wanda za a nuna kwanan nan. A bisa dukansu akwai mutum guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan labari da kuɗi da ma'aikata. Shi ne zan kira madugu, tun da aikinsa bai bambanta da na madugun ayari ba: shi ya san inda aka dosa, shi ke faɗin inda za a yada zango. A ƙarƙashinsa akwai manyan mataimaka waɗanda ke riƙe da zauren marubuta yau da kullum.

A « Heroes » madugu shi ne Tim Kring. Manyan mataimakansa biyu kuwa su ne Jeph Loeb da Jesse Alexander, kuma tun zango na farko suke tare da shi. Loeb sananne ne a duniyar littattafan zane na jarumai, ya rubuta labaran Batman da Superman, ya kuma yi aiki a shirin « Smallville » da « Lost ». Alexander ya fito daga « Alias » da « Lost ». Shi Kring bai ɓoye ba cewa bai tashi da karatun littattafan zane ba, saboda haka waɗannan mutum biyu su ne suka san ƙa'idojin irin wannan labari ciki da waje.

Ciwon ya riga korar

Matsala ta fara tun zango na biyu, a ƙarshen shekarar 2007. Labari ya yi nauyin tafiya, an tura Hiro can ƙasar Japan ta ƙarni na 17 ya daɗe bai dawo ba, an shigo da sababbin fuskoki waɗanda masu kallo ba su damu da su ba. Shi kansa Kring ya amsa laifi a wata hira da mujallar Entertainment Weekly a watan Nuwamba na 2007. Ana cikin haka sandikar marubutan fina-finai ta Amurka ta shiga yajin aiki ran 5 ga Nuwamba 2007, ba ta janye ba sai 12 ga Fabrairu 2008, kwana 100 ke nan. Zangon da aka shirya wa kashi 24 ya tsaya a 11. Dole aka sake ƙarshensa cikin gaggawa: ƙwayar cutar da aka tsara za ta bazu ta zama tushen rabin zango na biyu, sai aka sa Peter ya cafe kwalbar kafin ta fashe, duk labarin da aka gina a kanta ya tafi a banza. Har akwai wata budurwa mai suna Caitlin da Peter ya baro a wani zamani mai zuwa, wadda shirin bai sake waiwayarta ba har ya ƙare.

Daga nan masu kallo suka yi wata tara da ƴan kai ba su ga sabon kashi ba. Da aka dawo ran 22 ga Satumba 2008, wajen mutum miliyan 10 suka hallara, kuma suka ci gaba da raguwa. Don a wanke laifin nauyin tafiya, sai aka zarce wancan gefen. A babin farko na zango na uku, mai suna « Villains », komai gudu yake yi. An ƙirƙiro wani magani da zai ba kowa baiwa. An fito da Arthur Petrelli, uban su Nathan da aka ce ya mutu, ya ƙwace wa Peter baiwarsa. An ce Sylar ɗan gidan Petrelli ne, ya tuba, ya koma ga mugunta, daga baya aka ce ai zancen dangantakar ƙarya ce. An mayar da hankalin Hiro na yaro ɗan shekara goma. An kawo husufin rana da ya ɗauke wa kowa baiwarsa na ɗan lokaci. Mai kallo ya kai inda ba ya iya faɗin wane ne ke tare da wane, ko me kowannensu yake nema. A gefe guda kuma jaridun Amurka sun ruwaito cewa kowane kashi yana cin fiye da dala miliyan 4, wato wajen miliyar 2 na sefa a canjin wancan lokaci, kuma ana wuce kasafin da aka yanka.

Gidan NBC a lokacin yana bayan sauran manyan gidaje uku wajen yawan masu kallo, « Heroes » kuwa na cikin ƴan shirye-shiryen da yake taƙama da su, musamman wajen matasa, waɗanda masu talla suka fi biyan kuɗi don su. Magabatan gidan suka ga dole a yi wani abu da duniya za ta gani. A farkon watan Nuwamba 2008 labari ya fito cewa an sallami Loeb da Alexander. Tim Kring ya zauna a kujerarsa.

A duba kwanakin wata

Ga abin da na so malamin fadarmu ya lura da shi. Ranar da aka yi korar, kashi 7 kawai aka nuna daga cikin 25 na zangon. Na bakwai ɗin, da aka nuna ran 27 ga Oktoba, Jesse Alexander ne ya rubuta shi. Sauran shida na babin « Villains » kuwa an riga an rubuta su, aiki ya yi nisa a kansu, babu mai iya zubar da su ya sake wasu, domin kowane Litinin da dare sai an ba masu kallo abin kallo. Kashi na 13, wanda ya rufe babin ran 15 ga Disamba 2008, sunan Jeph Loeb ne a kansa, mutumin da aka kora sati shida kafin nan. Ashe ke nan duk wanda ya kalli watan Nuwamba da Disamba ya ce korar ta ɓata shirin, ko ya ce ta gyara shi, aikin korarrun yake yankewa hukunci bai sani ba.

Mutumin da aka ɗora wa fatan ceto shi ne Bryan Fuller. Yana cikin marubutan zango na farko, shi ya rubuta kashi na 17, « Company Man », wanda masu sharhi da dama ke ɗauka shi ne mafi kyau a shirin baki ɗaya. Ya tafi ya kafa nasa shirin, « Pushing Daisies », a gidan ABC, da aka dakatar da wannan a ƙarshen 2008 sai ya dawo. To amma babi na gaba, « Fugitives », inda gwamnati ke farautar masu baiwa, an riga an kafa harsashinsa, ya kuma fara fita ran 2 ga Fabrairu 2009. Kashin da Fuller ya rubuta da hannunsa, « Cold Snap », shi ne na 20, sai ran 23 ga Maris 2009 aka nuna shi, kusan wata biyar bayan korar, saura kashi biyar zango ya ƙare.

Wanda ya kalli wannan kashi zai ga me sabon hannu ke iya yi, zai kuma ga iyakarsa. Fuller ya rage hayaniya, ya tsaya kan mutum uku ko huɗu. Ya ba Tracy Strauss, wadda ta daɗe ba a san abin da za a yi da ita ba, damar sadaukar da kanta don ta ceci yaro Micah. Ya rufe labarin Daphne da mutuwa mai taɓa zuciya. Ya mayar wa Hiro wani ɓangare na baiwarsa. Masu sharhi sun yaba, amma a lura, dukan wannan biyan bashin da ya tarar ne. Mutumin da ya karɓi shago a tsakiyar shekara, kafin ya sari kayan da yake so sai ya fara sayar da kwantan da ya iske, ya kuma sasanta da masu bin bashi. Masu kallon da suka tafi ba su dawo ba, a ƙarshen zangon ran 27 ga Afrilu 2009 ba su kai miliyan 7 ba. A watan Yuni na wannan shekara Fuller ya sake barin aikin. Zango na huɗu ya ƙare ran 8 ga Fabrairu 2010 da masu kallo ƙasa da miliyan 5, a watan Mayu NBC ta sanar da cewa an rufe shirin.

Ina ciwon yake?

A ganina ciwon yana can tushe, inda ba Loeb ba Alexander ke da iko. Kring ya faɗa cewa nufinsa na asali shi ne a riƙa sake jarumai daga zango zuwa zango, a ga sababbin mutane suna gano baiwarsu, tun da daɗin labarin yana cikin wannan ganowar. Da jama'a suka kamu da son Hiro da Claire da Sylar, sai aka fasa, aka riƙe su, domin babu gidan telebijin da zai saki fuskar da ke kawo masa kuɗi. Alhali labarinsu ya riga ya ƙare a zango na farko. Labarin jarumai masu baiwa kuma yana da wata wahala tasa ta daban: in kana da mutum mai komawa jiya ya gyara abin da ya ɓaci, da wani mai kwasar baiwar kowa, da wata wadda ba ta mutuwa, wace barazana za ta tsorata mai kallo? Shi ya sa marubuta suka yi ta neman dabarar raunana su, yau a ƙwace baiwa, gobe a shafe tunani, jibi a kawo husufi. Kowane marubuci aka kawo, wannan ƙullin zai tarar. Ba na cewa mataimakan biyu ba su da nasu kason laifi, tun da su ke riƙe da zauren da ya fitar da « Villains ». Amma shawarar da ta haifi matsalar ta magabata ce da madugu, su kuwa babu wanda ya taɓa su.

Abin da ya biyo baya ma ya isa shaida. A shekarar 2010 kamfanin Marvel ya naɗa Jeph Loeb shugaban sashensa na telebijin, ya riƙe muƙamin har 2019, a ƙarƙashinsa aka yi « Agents of S.H.I.E.L.D. » da « Daredevil » na Netflix, wanda ya fito a 2015 ya sami yabo mai yawa. Kring kuwa ya sake gwadawa da « Heroes Reborn » a 2015, kashi 13, daga su ba a ƙara ba.

Inda canji ya yi amfani

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa sake ma'aikata ana tsakiyar aiki ba ya taɓa yin amfani. Ga misali biyu.

A watan Nuwamba 2017 kamfanin Warner ya dakatar da Andrew Kreisberg, ɗaya daga cikin madugan « The Flash » da « Supergirl », bayan mujallar Variety ta buga ƙorafin mutum 19, mata 15 da maza 4, kan cin zarafin ma'aikata, zargin da shi ya musanta. Bayan bincike aka sallame shi a ƙarshen watan. Wannan kora ce ta hali, ba ta da alaƙa da ingancin labari, kuma kare ma'aikata ya fi kowane shiri muhimmanci. Shirye-shiryen ba su rushe ba, domin a kowannensu akwai abokan aiki da suka san hanya: Todd Helbing ya ci gaba da « The Flash », Jessica Queller da Robert Rovner suka ci gaba da « Supergirl ». Na farkon ya kai 2023 da zango tara, na biyun ya kai 2021 da zango shida.

Misali na biyu ya fi kama da na « Heroes ». A watan Maris 2023 Marvel ta fara ɗaukar « Daredevil: Born Again », aka tsaya a watan Yuni saboda wani sabon yajin aikin marubuta. A lokacin tsaikon magabatan kamfanin suka zauna suka kalli abin da aka ɗauka, bai gamshe su ba: an ruwaito cewa labarin ya fi karkata ga zaman kotu, jarumin ba ya ma sa kayan yaƙinsa sai a kashi na huɗu. Suka sallami manyan marubuta biyu, Chris Ord da Matt Corman, suka kawo Dario Scardapane a matsayin madugu, tare da masu ba da umarni Justin Benson da Aaron Moorhead. Sababbin suka riƙe kashi shida da aka riga aka ɗauka suka yi musu kwaskwarima, suka rubuta sabon kashin farko da biyu na ƙarshe, suka dawo da Karen Page da Foggy Nelson, abokan jarumin da aka bari a baya. Shirin ya fito a Disney+ ran 4 ga Maris 2025 da kashi tara, ya sami karɓuwa, ko da yake mai lura zai ga wurin ɗinki tsakanin tsohon ƙyalle da sabo.

Bambancin a fili yake. A « Daredevil » an sake mai yanke shawara ne da kansa, an ba wanda ya zo iko da kuɗi da lokaci, kuma babu kashi ko ɗaya da ya riga ya fita, saboda haka har farkon labarin ana iya sakewa. A « Heroes » an sake na ƙasa an bar na sama, ana kuma nuna shirin kowane sati, abin da mai kallo ya riga ya gani kuwa ba ya goguwa.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan fili ba su damu da mai tashi sama ko mai tsayar da lokaci ba. Amma ɗan kasuwar da ya taɓa korar yaron shago don ciniki ya ja baya, alhali shi ya saro kayan da ba a so, ya san wannan labari. Haka ma ma'aikacin da ya ga an ɗauke shugaban sashe a tsakiyar shekarar kasafi, an kawo wani, bayan wata biyu ana tambayar sabon ina sakamako, alhali takardun da ke fitowa duk tsohon ne ya sa musu hannu. Kafin a sallami mutum ya kamata a tambaya ko shi ya yanke shawarar da ta kawo ɓarnar, kafin a yaba wa wanda ya gaje shi ko a kushe shi kuma a ƙirga watannin da aikinsa ke bukata kafin ya fito fili.

Abokina mai kayan babura, ga amsarka. Malam kuma, shayin Asabar mai zuwa a wuyanka yake.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.